Kafin ka yi odar sandar sinuka ta musamman, ka fara shawara da hunturun Zariya

Duk wanda ya taɓa buga 8 Ball Pool a wayarsa ya san yadda ake sayen sanda. Ka shiga shagon da ke cikin manhajar, ka tarar da sanduna a jere, kowace da layuka huɗu a gefenta: ƙarfin bugu, tsawon layin saiti, iya murza ƙwallo, da daƙiƙun da za a ba ka kafin lokacinka ya ƙare. Wadda ta fi tsada ita ta fi ƙyalli, kuma ita ce layukanta suka fi cika. Tun 2010 da kamfanin Miniclip ya fito da wasan yake koya mana abu guda, cewa kyan sanda da tsadarta su ne ƙarfinta. A cikin waya wannan gaskiya ne, don haka masu manhajar suka tsara ta.

Da wannan karatun na shiga kasuwar sanda ta gaske, na kuwa kwashi kashina a hannu. Shi ya sa yau na ɗan ajiye maganar wayoyi da caja zan yi magana a kan katako, musamman saboda 'yan'uwa da na ga sun fara tura wa juna hotunan sanduna a WhatsApp suna tambayar wane itace ne ya fi. Ra'ayina shi ne: idan sandarka ta farko ce, kuma a Zariya za ka buga da ita, kada ka biya kuɗin ado. Ka biya kuɗin busasshen katako mai miƙaƙƙiyar jijiya, sauran kuɗin ka mayar aljihu.

Ga yadda abin ya faru da ni. Akwai wani tebur da muke bugawa a wani shago cikin birni, ba nisa da Ƙofar Doka. Sandunan shagon huɗu ne. Biyu bakinsu ya cinye, ɗaya an ɗaure ta da salatif, ta huɗun ita kowa ke rububi. Shekara uku da suka wuce na gaji da jiran layi, na ɗauki kuɗin da nake tarawa don canza waya na yi odar sanda daga wani mai talla a soshiyal midiya. Ya ce ta musamman ce, za a zana sunana a jiki, ƙotar baƙin eboni ce da fararen zane da aka dasa a ciki, gaban kuma mapul ne na Kanada. Ta iso a watan Agusta, ana tsaka da ruwa. Ranar da na fara fitowa da ita sai da aka tsayar da wasa ana karɓa ana dubawa. Kafin ƙarshen Janairu ta karkace, idan ka mirgina ta a kan tayil bakinta sai ya riƙa ɗagawa yana sauka kamar kan ƙadangare. Fararen zanen suka fara ɓamɓarewa, ashe sitika ce aka lulluɓe da banish. Ebonin kuma fenti ne. Sunana kaɗai ya zauna daram.

Da farko, wane wasa kake bugawa?

Wannan tambayar kamar raini ce, amma a nan kuskurena na farko yake. Abin da muke kira sinuka a unguwa galibi ba shi ne sinukar da ake nunawa daga zauren Crucible na garin Sheffield ba. Sinuka ta ainihi ƙwallaye 22 ne, jajaye 15, masu launi 6, da fara, a kan tebur mai tsawon ƙafa 12. Namu mai ƙwallaye 15 da fara, inda baƙar lamba 8 ke rufe wasa, sunansa pul. Shi ma iri biyu ne, na Amurka da na Ingila, kuma girman ƙwallayensu ba ɗaya ba ne. Ta Amurka kaurinta milimita 57 ne, ta sinuka 52.5, ta pul ɗin Ingila kusan 51, fararta ma ta fi haka ƙanƙanta.

Kowace ƙwallo da bakin sandar da ya dace da ita. Sandar pul ta Amurka bakinta milimita 12 zuwa 13 ne, ta sinuka 9.5 zuwa 10, ta pul ɗin Ingila 8 zuwa 9. Ni na sayo mai baki 13 na zo ina bugun ƙananan ƙwallaye da ita. Kamar ka yi rubutu a ƙaramin sikirin da babban yatsa sanye da safar hannu, za ka iya, amma ba za ka ga inda kake taɓawa ba. Idan aka juya abin, siririn baki a kan manyan ƙwallaye masu nauyi, nan da nan fatar za ta baje, zoben ma yana iya tsagewa wajen fasa ƙwallaye.

Ba sai ka sayi na'ura ba kafin ka san taka. Ari tef ɗin tela ka zagaye ƙwallo ɗaya ta tsakiya. Idan ka sami santimita 18, ta Amurka ce. Idan 16 ne ko 16 da rabi, kana ɓangaren Ingila, ka nemi siririn baki. Sannan ka auna tazarar tebur da bango. Cikakkiyar sanda inci 57 zuwa 58 ce, wato wajen santimita 145 zuwa 147, kuma shagunan cikin birni da yawa ba a gina su don tebur ba. Ban ga amfanin sanda mai tsada da rabin bugunta sai ka ɗaga ƙotarta sama saboda bango ba.

Ƙota da kara

Sanda kashi biyu ce. Akwai ƙota, wato ɓangare mai kauri da kake riƙewa, akwai kuma abin da zan kira kara, siririn ɓangaren da ke zamewa a kan yatsunka har zuwa baki. Duk hotunan da ake yaudararmu da su na ƙota ne. Eboni, kokobolo, jan itace mai zane kamar wuta, zoben azurfa, duk a ƙota suke. Aikin ƙota a wasa bai wuce biyu ba: ta ba sanda nauyi, ta kuma daidaita inda nauyin zai zauna. An fara sa eboni a can ne saboda nauyinsa, itace ne da ke iya nutsewa a ruwa, sai ya rinjayi dogon kara ya dawo da ma'aunin sanda kusa da hannu. Yau kuwa sanduna da yawa ƙaramin ƙarfe ake ɗaura musu a cikin ƙota ya yi wannan aikin.

Abin da ke shafar inda farar ƙwallo za ta nufa yana can gaba. Idan ka bugi fara a gefen dama don ta murza, ba ta tafiya daidai inda sanda ta nuna, takan ɗan kauce hagu. Masu nazarin wasan, irin su David Alciatore, tsohon malamin injiniyanci a jami'ar jihar Kolorado da ya shahara da bidiyoyin gwaji a YouTube, sun nuna cewa girman wannan kaucewa ya dogara ne da nauyin 'yan incin ƙarshe na kara, kusa da baki. Shi ya sa kamfanin Predator na Amurka ya yi suna tun shekarun 1990 da kara mai rami a gabansa. Babu ruwan farar ƙwallo da itacen da ke bayan hannunka, ballantana sunanka da aka zana da ruwan gwal.

Shi kuwa kara, duniya ta tsaya a kan itace biyu. Masu pul na Amurka mapul suke so, fari ne, jikinsa sumul, jijiyarsa ba ta fitowa sosai. Masu sinuka sun fi karkata ga ash, mai baƙaƙen layuka da ke haɗuwa kamar kan kibiya a fuska ɗaya, har wasu 'yan wasa na amfani da kibiyoyin wajen riƙe sanda ta fuska guda kullum. John Parris na Landan, wanda ya yi wa Ronnie O'Sullivan sanda, da ash ya fi yin suna. Wanne ya fi? Na buga da duka biyun, kuma a matakinmu bambancin bai wuce yadda kowanne ke ji a fatar yatsa ba. Wanda ya ce maka ash ya fi jefa ƙwallo a rami, ko mapul ya fi ƙarfi, tallar hajarsa yake yi. Ni na fi son ash saboda dalili ɗaya da ba shi da alaƙa da wasa: jijiyarsa a fili take, mai saye na iya karanta ta da ido, mai sayarwa ba ya iya ɓoye ta.

Abu ɗaya da zan ce ka guje shi kai tsaye shi ne karan da aka yi wa banish mai sheƙi. A hoto ya fi kyau. A zafin Afrilu, da gumi a hannu, kamawa yake yi a yatsa yana tafiya da tsalle-tsalle, sai ka ga mutum na zazzaga hoda har ta ɓata kyallen tebur. Kara mai kyau mai kawai ake shafa masa a goge.

Ga mai ganin sai da tsada ake cin wasa, ya tuna da Stephen Hendry na Sikotilan. Sau bakwai ya ci kofin duniya na sinuka tsakanin 1990 da 1999, duk da sanda ɗaya da aka saya masa fam 40 tun yana yaro. Ba ta musamman ba ce, ta kanti ce. Ya riƙe ta har 2003 da ta karye a cikin kayan jirgin sama, kuma bai sake ɗaukar kofin duniya ba bayan nan, ko da yake manyan masu sassaƙa sanda na duniya duk a shirye suke su yi masa wata. Abin da ya rasa sabo ne, shekaru kusan ashirin na hannu ɗaya da katako ɗaya.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba

Yanzu mu zo kan abin da ya kashe tawa. Katako, ko an sare shi an busar an goge, bai daina shan ruwa daga iska yana mayarwa ba. Kowa ya san ƙofar katakon da ke ƙin rufuwa a watan Agusta sai an sa kafaɗa, amma a Janairu har haske kake hangowa ta gefenta. Sandarka ma haka take, sai dai ita kaurinta a gaba bai kai na ɗan yatsa ba, kuma karkacewar milimita biyu ta isa ta ɓata ta.

Masana katako sun daɗe da auna abin. Idan laimar iska ta zauna a kashi 20 cikin 100, katako zai yi ta fitar da ruwa har danshin cikinsa ya sauka zuwa wajen kashi 4 ko 5. A laimar kashi 50 yakan tsaya wajen kashi 9. A kashi 80 yakan kai 16. Masu yin sanda sukan busar da katakonsu zuwa kashi 6 zuwa 8, da tunanin sandar za ta rayu a ɗakin da iskarsa ba ta cika sauyawa ba. Buɗe manhajar hasashen yanayi a wayarka ka duba laimar Zariya da rana a tsakiyar hunturu, sau da yawa za ka gan ta ƙasa da 20. Ka sake dubawa a Agusta, za ka ga ta haura 70. Wato a shekara ɗaya sandarka za ta je wannan ƙarshen ta dawo wancan, a shagon da ba AC, ƙofa a buɗe, ƙura na shiga. Sandar da za ta yi shekara goma lafiya a wani kulob na Ingila tana iya sallamawa a hunturunta na farko a Kwarbai.

Me ya sa wata ke karkacewa wata ta tsaya? Katako ba ya motsewa daidai ta kowace fuska. Ta tsawo kusan ba ya motsi. Ta faɗi yana motsi, kuma ta bin zoben shekarun bishiya ya kusa ninka na ɗaya fuskar. Idan jijiya ta miƙe tun daga mahaɗa har baki, motsin zai rabu daidai, sanda ta ɗan rame ta ɗan kumbura amma tana nan a miƙe. Idan jijiyar ta karkata ta fita ta gefe, ɓangare ɗaya zai ja fiye da ɗaya, shi ke nan ta zama baka. Wannan ne dalilin da ya sa masu aikin ƙwarai ba sa gurje kara a zama ɗaya. Su ɗan rage shi a inji, su rataye shi makonni ko watanni ya yi motsin da zai yi, su sake ragewa, wanda ya ƙi miƙewa su jefar. Kuɗin sanda ta musamman ta gaske kuɗin wannan jiran ne da waɗanda aka jefar. Don haka duk wanda ya ce zai yi maka ta musamman daga farko ya aiko cikin kwana biyar, abin da zai yi shi ne ya ɗauko ta kanti ya zana sunanka.

Mutanen garin nan sun riga mu sanin wannan. Lokacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da azarar giginya ya ɗaure bakan-gizonsa, itacen da aka san halinsa a damina da rani, wanda gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Ya zaɓi abin da ya san garin, mu kuma muna zaɓen abin da ya yi kyau a sikirin.

Daga nan na ɗauko dabarar da nake ba kowa yanzu. Ka nemi sandar da ta riga ta kwana a Arewa. Wadda ta shekara a shagon kayan wasanni a Sabon Gari ko Kaduna ko Kano, ta ga damina ta ga hunturu, kuma ka same ta a miƙe a watan Fabrairu, ta ci jarabawar da babu wani mai talla a intanet da zai iya yi mata. Wannan ƙurar da ke kan ledarta, wadda za ta sa ka ce tsohuwar haja ce, ita ce takardar shaidarta.

To, ba za a yi da itacen gida ba?

Wasu za su ce, tunda haka ne me zai hana a je 'Yan Katako a Sabon Gari a yanko katako a ba kafinta? Na so wannan maganar, kuma rabinta na yarda da shi.

Kara dai a'a, ba a sandar farko ba. Katakon da ke kasuwa an yanko shi ne don rufi da ƙofa da gado, sau da yawa da sauran ruwa a jikinsa. Akwai 'yar na'urar auna danshin katako mai tsinke biyu, ba ta da tsada, idan ka soka ta a sabon falanki za ka gane abin da nake nufi. Farin katako mara nauyi irin obeche kuwa taushi gare shi, farce ma na shiga. Injin da ke gurzar ƙafar gado ba a yi shi don fitar da siririn abu mai tsawon santimita 70 ko fiye ba tare da ya yi rawa ba. Wannan ba raina kafintocinmu ba ne, aikin ne daban.

Ƙota kuwa, a nan muke da abin faɗa. Kanyar da muke shan 'ya'yanta dangin eboni ce ta jini. Maɗaci shi Turawa ke kira mahoganin Afirka. Ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da taɓarya da ita, maƙera kuma ke son gawayinta, tauri da nauyinta sun isa kowace ƙota. Gajeriya ce mai kauri, ba ta saurin karkacewa kamar kara. Wahalar ɗaya ce, mahaɗa: dole ramin sukurun ya zauna a tsakiya cif, in ba haka ba kara miƙaƙƙe da ƙota miƙaƙƙiya za su haɗu su ba ka karkatacciyar sanda. Wannan aikin na masu injin gurzar ƙarfe ne, kuma ka tafi musu da karan a hannu. Ka sa ido kan nauyi ma, domin itatuwan nan ba sa wasa. Sandar ƙananan ƙwallaye takan tsaya tsakanin oza 17 da 19, wato giram 480 zuwa 540, ta Amurka kuma 18 zuwa 21. Idan ka ɗora ta a kan yatsa ɗaya, ya kamata ta daidaita wajen santimita 40 zuwa 46 daga ƙarshen ƙota.

Akwai itace ɗaya da zan roƙe ka ka ƙyale, ko da yake shi ya fi kyau: maɗobiya. Ita ce 'yan kasuwar duniya ke kira kosso, wadda aka yi ta lodawa a kwantena daga dazukan Taraba da Kogi da sauransu zuwa Sin don yin kujerun alfarma. Wata ƙungiyar binciken muhalli mai suna EIA ta ba da rahoto a 2017 cewa an fitar da gungume sama da miliyan 1.4 daga Najeriya ba bisa ƙa'ida ba, na kimanin dala miliyan 300. A 2016 ne bishiyar ta shiga jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. Na san ƙota ɗaya ba ita za ta ƙarar da daji ba. Amma bishiya ce da makiyaya ke ciyar da dabbobi da ganyenta a ƙarshen rani, kuma abin kunya ne a ce an sare ta a nan, ta je Sin, ta dawo mana a matsayin ado a kan kuɗin da ya fi na waya.

Mafita mai sauƙi ita ce tsohon katako. Ƙafar tsohon gado, tsohon ƙyaure da aka cire lokacin gyaran zaure, taɓaryar da aka daina daka da ita. Katakon da ya ga hunturu ashirin a cikin ganuwa ya gama duk motsin da zai yi. Ba a sare komai ba, kuma idan ana maganar abu na musamman, ban san wanda ya kai ƙota daga ƙyauren gidan kakanka ba.

Idan ka nace sai ta intanet

To, wayar da ta jawo maka sha'awar ita za ta taimake ka. Kada ka yarda da hoto, ka nemi kiran bidiyo. A mirgina sandar a gabanka a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen tayil, a haɗe, sannan kowane ɓangare shi kaɗai, kana kallon baki. Na ce gilashi ko tayil ne saboda teburanmu da yawa falanki ne a ƙarƙashin kyallen, ba dutsen silet ba, su kansu ba a miƙe suke ba, sai su yi wa sanda ƙarya ko su rufa mata asiri. A ɗora ta a kan ƙaramin sikelin dijital ka ga giram da idonka. A kwance mahaɗa a nuna maka fuskar katakon ta ciki: idan waje baƙi ne wuluk ciki kuma fari, fenti ne. A matso da kyamara kan zanen ƙota, na bugawa idan aka zuƙo shi za ka ga ɗigo-ɗigo kamar hoton jarida, wani lokaci har da layin da sitikar ta haɗe. Wanda ya ƙi yin waɗannan abubuwan na minti biyar ya riga ya ba ka amsa. Kuma kada ka tura kuɗi duka kafin kaya su iso, wannan kam ba sai na faɗa wa mai karanta wannan shafi ba.

Za a tambaye ni batun karan zaren kabon, irin Revo da Predator ya fitar a 2016. Gaskiya ne, laima ba ta dame shi ba, kuma idan akwai garin da ya dace da shi to irin namu ne. Sai dai na ainihi ɗaruruwan daloli ne, karan kaɗai ba ƙota. Baƙaƙen da ake tallatawa da araha kuwa, wasu katako ne aka lulluɓe da leda ko fenti, cikin na nan yana shan ruwansa yana motsi. Idan kana da kuɗin na gaske kuma ka shekara biyu kana bugawa kullum, bismilla. Wanda har yanzu bai san nauyin da hannunsa ke so ba, ina zai san abin da zai yi oda? Wannan ita ce matsalar sanda ta musamman ga sabon shiga gaba ɗayanta: tela na tambayarka awo, kai kuma ba ka taɓa sa riga ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Na ga yadda sanda mai tsada ke canza mutum a bakin tebur. Wanda da yake bugawa don nishaɗi bayan la'asar, da ya zuba kuɗi masu yawa sai ya fara jin dole sandar ta dawo da kuɗinta, daga nan sai a fara ɗora wani abu a kan wasa. Irin wannan ne ya sa iyayenmu a birni ke yi wa teburin kallon da suke yi masa, kuma ba za ka ce ba su da hujja ba.

Ita sandar da nake bugawa da ita yanzu ash ce, ba zane ba suna, na ɗauko ta a ƙasan kanta a wani shago cikin watan Fabrairu a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waccan ba. Abin da na kashe wa kuɗi biyu ne. Na canza fatar baki na sa mai kyau, domin ita kaɗai ce ke taɓa ƙwallo, kuma ita ce mafi araha a jikin sandar. Sannan na yanki bututun roba na famfo, na shimfiɗa masa tsumma mai laushi a ciki, na kai wa wani baduku ya ɗinka masa kube na jar fata da maratayi. A ciki take kwana, a kwance ƙarƙashin gado, nesa da taga. Ba na jingina ta da bango, jinginar nan ce ta lanƙwasa sandunan shagonmu. Ba na barinta a rana ko a but ɗin mota, ba na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, samfefa kuma ba ta taɓa jikinta ba. Ta ga hunturu biyu, kuma duk Janairu sai na mirgina ta a kan tayil ɗin falo ina ɗauka da kyamarar waya a yanayin tafiyar hawainiya. Har yanzu bakin bai ɗaga ba.

Mai sunana a jiki tana can shago, da ita yara ke fasa ƙwallaye. Ƙotar gida kuwa ina kan hanya. Akwai wata tsohuwar taɓaryar ƙirya a bayan madafin gidanmu da ta girme ni, na je na ce, Hajiya, wannan da ba a daka da ita ko zan ɗauka? Ta tambayi abin da zan yi da ita, na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in ɗauka, amma in fara sayo mata sabuwa tukuna.